Jikan Dukawa da Ƙafar Dama

A unguwar Briketeri ta birnin Yawunde, wadda mazaunanta ke taƙaitawa su ce Birik, akwai wani mutum mai suna Baballe. Shekarunsa arba'in da 'yan kai, haifaffen unguwar ne, mai tsafta, mai yawan gaisuwa, kuma babu wanda ya taɓa kama shi da mugunta. Aibinsa guda ɗaya ne tak: tun da aka haife shi bai taɓa ganin aikin da bai iya ba.

Ya yi gyaran waya na wata biyu, har sai da wayoyin layinsu suka koma kiran junansu ba tare da an taɓa su ba. Ya yi kiwon zabi a bayan ɗaki, wata safiya suka tashi gaba ɗaya suka nufi unguwar Nkomkana, ko waiwaye babu wadda ta yi. Duk sanda sana'a ta kayar da shi yakan karkaɗe riga ya ce ita ce ba ta kai matsayinsa ba, domin shi jikan dukawa ne. Wannan kuwa gaskiya ne. Kakansa baduku ne na ƙwarai da ya zo daga Kano da wuƙarsa da basillarsa, ya yi suna wajen ɗinka jaka da takalmi. Abin da Baballe ba ya ƙarawa shi ne, yana da shekara huɗu kakan ya rasu, kuma abin da ya gada daga gare shi bai wuce hula ɗaya ba.

Gidan da Baballe ke zaune da matarsa Altine da 'yarsu Afra'u na Hajiya Safinatu ne, dattijuwa mai tsare gida wadda ba ta maimaita magana. A ƙofar gidan akwai ƙaramin shago mai kallon titi, ya yi wata uku a rufe, makullinsa yana ɗaure a gefen mayafinta. Mutane da dama sun nema, ciki har da Ilyas tela, wanda ke ɗinki a ƙarƙashin rumfar kwano da ke zuba duk sanda aka yi ruwa. Hajiya ta ce ba za ta ba kowa ba sai ta ga aikin hannunsa da idonta.

Ranar wata Alhamis da hantsi, a tsakiyar damina, Baballe ya durƙusa gabanta a ƙofar gida ya gaishe ta, sannan ya zazzage shirinsa.

"Hajiya, kin ga samarin yanzu? Kowa kambas, abin da suke kira basket. Riga ta yi datti, a kai ta pressing, wurin wanki da guga. Takalmi ya yi datti fa? Babu wurin kaiwa a duk faɗin Birik. Ni zan buɗe. Har suna na raɗa: Clinique des Chaussures, Docteur Baballe, wato asibitin takalma na Dokta Baballe."

Ilyas, wanda rumfarsa ke jikin bangon gidan, ya tsayar da keken ɗinkinsa. "Dokta, zabin nan sun warke ne da ka sallame su?"

"Ka yi ta ɗinkinka. Manya na magana."

Suna cikin haka sai ga babur ɗin haya ya tsaya, autanta Misbahu ya sauko yana ɗaga ƙafa kamar mai taka ƙaya. Saurayi ne ɗan shekara ashirin da biyar, yana aiki a wani kantin magani a unguwar Cité Verte. A ƙafarsa akwai kambas mai launin yashi, na irin fatar nan mai laushi da gashi-gashi kamar karammiski, wadda da Faransanci ake kira daim. Yayarsa ce ta aiko masa da shi daga Turai, kuma wannan ne sawa ta biyu. A kan hanya ne wata mota ta faɗa kududdufi kusa da babur ɗin, ta watsa masa jar lakar Yawunde daga yatsu har idon sawu.

"Inna, duba," in ji shi. "C'est fini. Ya tashi aiki."

Hajiya ta dubi takalmin, ta dubi Baballe. "To, ga marar lafiyarka na farko. Jibi Asabar bayan la'asar ka kawo shi nan. In ya dawo yadda yake, makulli naka ne. In bai dawo ba, kada ka ƙara yi mini maganar shago."

Misbahu ya zaro ido. "Inna! Kawu Baballe, daim ne fa. Ba kamar sauran fata ba ne, ba a..."

"Yaro, ni za ka koya wa fata? Kakana yana jin warin fata ya gaya maka garin da aka yanka akuyar. Cire ka kawo."

Da yake ba a musu da Hajiya, Misbahu ya cire. Ya shiga ciki ya ɗauko kwalin takalmin, ya nuna wata 'yar takarda da ke ciki, ya ce a nan aka rubuta yadda ake kula da shi. Baballe ya karɓi kwalin da yatsu biyu, ya miƙa wa Altine da ta leƙo daga zaure, ya ce ta samu wurin zuba albasa. Sannan ya ɗauki ƙafar dama, domin a cewarsa Musulmi da dama yake farawa, ya ce a tura ta hagu ƙarƙashin gado ta jira layinta.

Bai yarda ya yi aikin a cikin gida ba. Likita, in ji shi, sai jama'a sun ga hannunsa suke yarda da shi. Ya fito da baho bakin titi, ya cika shi da ruwa, ya zuba garin sabulu har kumfa ta yi tozo, ya yi bisimilla ya nutsa takalmin. Ya ɗauko burushin da Altine ke wanke darduma da shi ya shiga dirza, yana yi wa masu wucewa bayanin cewa datti ba ya jin lallashi. Ruwan ya koma ja. Da ya tsamo takalmin, shi ma ya koma ja, daga baki har dunduniya, kamar tubalin da aka fito da shi daga wuta.

Ilyas ya miƙo wuya. "Kai, ka yi adalci. Da a gefe ɗaya lakar take, yanzu kowane sashe ya samu rabonsa."

"Launin jiƙa ne. In ya bushe za ka ji kunya."

Daga cikin zaure muryar Altine ta fito a hankali. Ta yi makaranta har aji uku na sakandare, kuma ba ta iya ganin rubutu ta wuce. "Baban Afra'u, takardar nan ta ce kada a jiƙa shi. Wai a bar lakar ta bushe tukuna."

"Bature ne ya rubuta, ruwan ƙasarsu yake nufi, mai ƙanƙara. Namu ruwan ya san fata. Koma ciki."

Sai dai rana ta ƙi ba shi haɗin kai. Hadari ya rufe gari, aka shiga yayyafi marar ƙarewa, takalmin yana kan dakali yana ɗiga. Da yamma ta yi bai bushe ba, Baballe ya dubi ƙarshen layi, inda hayaƙin Tahiru mai tsire ke tashi, ya yi murmushin wanda dabara ta faɗo wa.

Tahiru mutumin Marwa ne, ya daɗe a Birik yana gasa tsire, wanda a nan ake ce wa soya. Da ya ga abin da Baballe ke shirin ɗorawa a gefen wayar gashinsa, ya ɗaga wuƙa.

"Useni, don Allah, Baballe, wurin nan na nama ne."

"Shi ma naman ne a da. Minti goma kawai, ɗan'uwa, ya ɗan ji ɗumi."

Minti goman Baballe ba irin na sauran mutane ba ne. Ya samu masu jiran tsire, ya shiga ba su labarin reshen da zai buɗe a Duwala da wanda zai buɗe a Garwa. Yana wannan, kitse na tartsatsi yana sauka a kan takalmin, Tahiru na barbaɗa yaji iska na kai masa nasa kason. Sai da wani ma'aikaci mai jaka a hammata ya nuna da yatsa ya ce, "Donne-moi ce gros morceau-là, wancan ƙaton yankin naman, ka yanka mini shi da albasa," sannan Baballe ya waiwaya.

Takalmin ya bushe, wannan kam babu musu. Ya bushe ya ƙandare kamar kilishin bara, bakinsa ya lanƙwashe sama yana kallon hadari, jikinsa duk ɗigon maiƙo. Baballe ya ƙwanƙwasa shi da yatsa, ya ba da sauti irin na ƙwarya.

"Madalla," in ji shi da ƙarfi, don kowa ya ji. "Mataki na biyu ya kammala."

Washegari Juma'a ya tashi da sabon ilimi. Ya tuna kakarsa ta taɓa cewa marigayi yakan ciyar da fata da man shanu har ta yi laushi kamar kunnen jariri. Ya shiga madafa ya ɗauko kwalbar man shanun da Altine ta saya wurin wata Bafillatana ta ajiye don miyar kuka.

"Baban Afra'u, ina za ka da man miyata?"

"Fata dabba ce, Altine. Ko ta mutu tana jin yunwa. Ba ki ga yadda ta rame ba?"

"Takardar ta ce maiƙo ne babban abokin gabarta. Wai ko ɗigo ya zuba, a barbaɗa garin masara a bar shi ya tsotse."

"Garin masara! Wato in ba shi tuwo, ke kuma ki hana shi mai. Wace irin rowa ce wannan?"

Ya koma bakin titi ya shiga shafawa. Takalmin ya shanye cokali na farko, ya shanye na biyu, ya shanye kwalbar gaba ɗaya. Ya yi laushi, gaskiya, amma ya koma launin hanta, ya yi nauyi, gashin nan mai kyau ya kwanta ya dunƙule kamar jiƙaƙƙen ɗan tsako. Ƙudajen Birik, waɗanda ba a aika musu goron gayyata, suka hallara.

"Dokta," in ji Ilyas yana kore ƙuda daga kan yadin da yake yankawa, "'yan dubiya sun iso. A kawo musu tabarma?"

"Hassada ce ke cinka. Ka fara neman wanda zai toshe maka rufin rumfa, don a nan za ka tsufa."

Ana saukowa daga masallacin Juma'a sai ga Misbahu ya nufo su da silifa a ƙafa. Baballe ya hango shi, ya yi wuf ya zauna a kan takalmin, ya baza babbar rigarsa ta shadda.

"Kawu, yaya aikin? In ɗan gani mana."

"Ka taɓa ganin an shiga ɗakin tiyata ana tsakiyar aiki? Kai da ke kantin magani ai ka fi kowa sani. Gobe bayan la'asar."

"Amma me ke ƙamshin miya haka?"

"Maƙwabta ne. Wuce, Allah ya yi maka albarka."

Da Misbahu ya tafi Baballe ya miƙe, sai ga taswirar takalmi ta maiƙo a bayan farar shaddarsa, har da dunduniya. Ilyas ya yi dariya har ya soke yatsa da allura.

A wannan yammacin ne Baballe ya gano abin da ya ɗauka shi ne asalin cutar. Ya juya takalmin a hannu, ya shafa gashin da ya dunƙule, ya buga cinya.

"Na gane! Jama'a, ku zo ku ga ha'inci. Majemin Turawa bai gama aikinsa ba. Wace fata ce ake ɗinkawa da gashinta? A gidanmu in majemi ya bar gashi ko ɗaya, kakana mayar masa da fatar yake yi. Sun yi ƙiwa, sun sa mata suna daim, suna sayar wa yara da tsada. Yau zan ƙarasa musu aikin."

Ya fara zuwa wurin Mika'ilu wanzami neman aron aska. Mika'ilu ya dubi takalmin, ya dubi ƙudajen da suka rako shi, ya ce askarsa kan mutane take hawa, kuma yana so ta ci gaba da hawa. Baballe bai karaya ba. Ya ce dama aski na masu gaggawa ne. Gashin ƙafar sa da na kan rago babbaka ake yi musu, kowa ya sani. Ya sake nufar Tahiru.

"A'a," in ji Tahiru tun daga nesa. "Wallahi a'a."

"Lasa ɗaya wuta za ta yi masa. Ara mini abin juya naman nan."

Kafin Tahiru ya zagayo teburinsa, Baballe ya riga ya cafki takalmin da dogon ƙarfe ya miƙa shi kan garwashi. Abin da bai sa a lissafi ba shi ne, takalmin da ya shanye kwalbar man shanu ba ya jiran lasa ta biyu. Wuta ta ce fuu, ta tashi kamar an kunna fitilar aci-balbal. Masu jiran tsire suka watse, wata mai sayar da soyayyiyar ayaba ta ɗora hannu a ka tana kiran sunan Allah da yarenta. Baballe ya yi ta kaɗa ƙarfen a sama, wutar na ƙara samun iska, har Tahiru ya fizge ya cusa shi cikin bokitin wanke hannu.

Hayaƙi ya lafa. Aka tsamo takalmin. Gashi kam babu ko ɗaya, haka ma igiyar ɗaurewa. Gam ɗin da ya riƙe tafin ya narke, gaban takalmin ya wage baki kamar tarwaɗa. Girar Baballe ta dama ita ma ta bi gashin takalmin.

Tahiru ya dube shi ya daɗe. "Wannan mataki na nawa ne?"

"Na huɗu," in ji Baballe, yana tari. "Shi ne mai wuyar. Saura kwalliya."

Safiyar Asabar ya yi aiki kamar ba shi ba. Ya liƙe bakin da gam, ya ɗinke shi da zaren buhu, ɗinki manya-manya kamar haƙoran zarto. Ya sayo baƙin man goge takalmi ya lafta masa sau uku, ya ɗauko kwalba ya yi ta murzawa, yadda ya ji ana cewa dukawa na yi wa jaka. Ya zare igiya daga tsohon takalminsa na makaranta ya zura. Kafin azahar abin yana ƙyalli, baƙi wuluk, kamar na ɗan sandan da zai yi fareti. Baballe ya ɗaga shi ya ga fuskarsa a ciki, da gira ɗaya, ya ji zuciyarsa ta cika. Har ga Allah ya yarda ya yi abin kirki.

Sai a lokacin ya tuna takalmi biyu ake sawa. Ya ruga ɗaki ya durƙusa ya leƙa ƙarƙashin gado. Wayam, babu ƙafar hagu.

"Altine! Ina ɗan'uwansa?"

Altine tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba. "Me za ka yi masa?"

"Abin da na yi wa wannan mana. Wanki, gashi, mai, babbaka. Yanzu hannuna ya faɗa, awa biyu sun ishe ni."

"Ba ya nan."

"Ƙafa gare shi da zai fita?"

"Ƙafa ce ai gaba ɗayansa. Na kai shi unguwar Ekudu wurin Yaya Jamilatu ya sha iska."

"Da izinin wa?"

"Baban Afra'u, shekara goma sha biyu ban taɓa tsallake maganarka ba. Ka cinye mini man shanu, na yi shiru. Ka ƙone gira, na ce Allah ya ƙara sauƙi. Amma maraya ɗaya ya rage wa yaron nan, ba zan miƙa maka shi ba."

Baballe ya yi faɗa, ya yi lallashi, ya yi barazanar zuwa Ekudu da kansa, sannan ya tuna Yaya Jamilatu ta fi ƙanwarta baki, ya fasa. Ya ce ba komai, ƙafa ɗaya ta isa shaida. Wanda ya ga wannan zai roƙe shi ya yi ɗayar.

Bayan la'asar ƙofar gidan Hajiya Safinatu ta cika. Labarin gobarar ya zaga unguwa, har Tahiru ya bar wutarsa ya zo, Mika'ilu wanzami ya bar wani da rabin aski. Hajiya na zaune a kujerarta, Misbahu na tsaye a gefenta yana cizon farce. Baballe ya fito da hula ja har kan gira, ɗauke da faranti an rufe shi da ɗankwali.

Ya yi sallama, ya yi godiya ga Allah da ya sa shi cikin zuriyar masu sana'a, ya yi addu'a ga kakansa, ya soki majeman Turai, ya fara bayanin reshen Duwala.

"Buɗe," in ji Hajiya.

Ya yaye ɗankwalin.

Wurin ya yi tsit, ban da ƙudaje. Misbahu ya matso ya sunkuya, ya duba ta gaba, ya duba ta baya.

"Kawu, wannan na waye?"

"Naka ne, ɗana. Ba ka gane shi ba ko? Haka ake so."

"Nawa launin yashi ne."

"Launin yashi na masu zuwa bakin teku ne. Wannan shi ake yayi yanzu à Paris. Ruwa ba ya shigarsa, laka ba ta kama shi, wuta ma ta gwada ta bari. Sa ka ji."

Misbahu ya dubi mahaifiyarsa, ta gyaɗa kai. Ya zura ƙafa. Yatsu suka shiga, sauran ƙafar ta tsaya a waje, domin takalmin da aka kawo yana lamba arba'in da uku ya koma abin da ko Afra'u sai ta yi dabara. Baballe ya durƙusa ya kama dunduniyar yana turawa yana cewa sabo ne, zai saki. Ya tura da ƙarfi. Zaren buhu ya ce ɓas, bakin ya sake wagewa, yatsun Misbahu biyar suka leƙo waje suna maiƙo.

"Alhamdu lillahi," in ji Ilyas. "Marar lafiya ya buɗe baki. Dokta, tambaye shi inda ke masa ciwo."

Dariya ta ɓarke har mai soyayyiyar ayaba ta zauna a ƙasa. Hajiya kaɗai ce ba ta yi ba. Tana shirin magana sai ga Altine ta ratso taron da mayafinta, ɗauke da kwali, ta durƙusa ta ajiye shi gaban Hajiya ta buɗe.

Ƙafar hagu ce a ciki, launin yashi, gashinta a tsaye lumui, babu ɗigon ja ko ɗaya. Misbahu ya ɗauke ta da hannu biyu kamar jinjiri.

"Altine," in ji Hajiya, "me kika yi masa?"

"Ba wani abu ba ne, Hajiya, abin da takardar ta ce ne. Na cusa masa tsohuwar jarida don kada ya lotsa, na bar shi a inuwa kwana biyu lakar ta bushe ƙamas. Na bubbuga shi ta zube. Na bi shi da busasshen burushin haƙori a hankali, ta fuska ɗaya. Inda tabo ya ƙi fita na goge da gomme, abin goge fensirin Afra'u. Wuri ɗaya ya yi taurin kai, na ɗiga farin vinaigre, ruwan tsamin nan na kwalba, a tsumma na dangwala, ban jiƙa ba. Da ya sha iska na sake bin sa da burushi gashin ya tashi. Shi ke nan."

"Ruwa fa?"

"Bai ga ruwa ba."

"Wuta?"

"Allah ya kiyaye, Hajiya."

Baballe ya ga inda iska ta juya, ya yi tsalle ya shiga tsakiya. "Jama'a, ku tambaye ta wa ya ce a sa shi ƙarƙashin gado! Ni ne! Shanyar inuwa dabarata ce, tun ranar Alhamis na tsara. Wannan ma aikina ne!"

Hajiya ta ɗaga hannu, kowa ya yi shiru. Ta sa aka ajiye takalman biyu gefe da gefe a kan farantin, ta daɗe tana dubansu.

"Na ji, Baballe, kuma na yarda. Wanda ka sa wa hannu kwana uku, ga shi. Wanda ka ƙyale, ga shi. Ashe ka fi gwaninta a ƙyalewa, sai ka riƙe ta da kyau." Ta kwance makullin daga gefen mayafinta. "Asarar takalmi tawa ce, ni na miƙa shi, ni zan ji da ɗana. Altine, zo ki karɓa. Ki buɗe ranar Litinin. Mijinki yana iya shiga ya gaishe ki, amma hannayensa a baya."

Altine ta karɓa da hannu biyu tana godiya. Ilyas ya ce shi dai bai yi baƙin ciki ba, tunda an ba wanda ya iya, kuma zai ɗinka mata labulen ƙofa.

Baballe ya bi makullin da kallo har Altine ta ɗaure shi a mayafinta. Sannan ya gyara hula, ya juya ga taron ya buɗe hannuwa.

"To, ku shaida. Makulli dai gidan wa zai kwana? Gidana!"

Misbahu yana tsaye da takalmi ɗaya mai kyau a ƙirji, ɗaya na wage da baki a ƙasa. "Ni kuma fa, Kawu? Yaya zan yi da ƙafa ɗaya fara, ɗaya baƙa?"

Baballe ya dafa kafaɗarsa cikin tausayi na gaskiya. "Wannan ai ƙaramin abu ne, ɗana. Kawo ta hagun. Awa biyu in daidaita maka su."

Misbahu bai tsaya neman silifansa ba. Ya rungume ƙafar hagu ya ratsa taron a guje, ƙafa ba takalmi, cikin jar laka, kuma waɗanda suka bi shi da kallo sun ce bai rage gudu ba har ya sha kwanar masallaci.